Mutumin da Ke Cikin Kada

Kadan yana tsaye da ƙafa biyu a jikin katangar makarantar, rungume da 'yar butar gahawa kamar jariri. Da gawayi da koren alli aka zana shi a kan kwali, kuma hannun da ya yi zanen bai ƙware ba. Duk da haka Ummusalama na ɗora ido a kansa ta tsaya cak a tsakiyar hanya, har sai da wani mai raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ya danna mata oda. Ta matsa kusa. Haƙora bakwai a sama, biyar a ƙasa, na tsakiya ya karkace. Ita ta yanka su da almakashi daga jikin wata farar jarka, shekara uku da suka wuce, a tsakar gidansu na Khartum.

A ƙasan zanen an rubuta da Larabci cewa za a nuna fim ranar Juma'a bayan la'asar, kowa ya zo, yara da manya.

Daga kasuwar amfanin gona take, inda take wuni tana tankaɗe riɗi tare da wasu mata, ƙura duk ta yi mata fari a gira. Ko kakkaɓewa ba ta yi ba ta shiga. Makarantar ta daɗe da daina karatu. Tun da yaƙi ya koro mutanen Khartum da na Jazira zuwa Gadarif, kowane aji ya zama mazaunin iyali uku ko huɗu, da zannuwa a rataye a madadin bango. A aji na ƙarshe ta sami wadda take zato, durƙushe tana warware wayoyin majigi.

Rawan 'yar maƙwabtansu ce a Khartum, ɗalibar jami'a a wancan lokacin. Ita da abokan karatunta biyar suka shirya fim ɗin da kyamarar aro. Sun zo wurin Nu'uman, mijin Ummusalama, domin kafinta ne, ya haɗa musu gadon igiya mai tashi sama. Daga gado aka koma kada, wanda ya sassaƙa musu daga soson tsohuwar katifa. Saurayin da aka bai wa rigar kadan ya suma a cikinta ranar farko saboda zafi. Nu'uman ya ajiye zarto ya ce a miƙo masa rigar, shi zai shiga.

Rawan ta rungume ta har mayafinta ya zame. Ta rame, ta yi duhu, amma bakin yana nan yadda yake. Cikin ɗoki ta riƙa zuba labari. An gama haɗa fim ɗin ana saura mako biyu yaƙi ya ɓarke. Sun shirya nuna shi bayan sallah, sallar da ba wanda ya yi ta cikin natsuwa. Ta fito da shi ne a cikin ɗan filas na kwamfuta da ta ɗinke a bakin siket ɗinta, kuma har yau babu taron da ya taɓa ganinsa. Sai ta leƙa bayan Ummusalama, wajen ƙofa, ta yi tambaya da sunayen da ta saba kiran su, inna da baffa a Larabce.

"Halti, ina Ammu Nu'uman? Shi zai zauna a gaba."

Ummusalama ta faɗa mata a taƙaice, yadda ta koyi faɗa. Daga Khartum sun koma Madani, daga Madani suka sake gudu. Ciwon sukarinsa ya tashi a hanya, babu allura. An binne shi a gefen wani ƙauye da ba ta ma riƙe sunansa ba, direban babbar mota yana jira da inji a kunne. Wayar da hotunansa ke ciki kuwa, masu bindiga sun karɓe ta a wani shinge.

Rawan ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce za ta cire kwalin, a fasa. Ko kuma ta kawo kwamfuta gida, Ummusalama da 'yarta su kalla su kaɗai. Ummusalama ta dubi wayoyin da ke zube. Ta tuna yadda Nu'uman yake dawowa daga wurin ɗaukar fim jiƙe sharkaf, kafin ya sha ruwa ya fara tambayar ko yara za su so kadan.

"Bar kwalinki," ta ce. "Ba don mutum biyu ya sha wannan zafin ba."

Ranar Alhamis da yamma wanta Salisu ya dawo daga gonakin Simsim a bayan motar riɗi, tafukan hannunsa duk sun tsattsage da yankan lauje. A gidansa take zaune ita da Najwa, 'yarta mai shekara bakwai, a wata bukkar ciyawa da ya gyara musu da kansa. Yana cin tuwo ta gaya masa. Ya ajiye lomar da ya ɗauko. Ya ce shi dai bai ga dacewar a tara mutane su ƙyalƙyala wa wanda ke kwance a kabari dariya ba. Mutanen unguwar nan ba su san Nu'uman ba, in ji shi, kuma bai kamata farkon saninsu da shi ya zama a cikin soson katifa ba. Ta ce masa fuskarsa ba ta fitowa ko sau ɗaya, muryar ma ba tasa ba ce, wani ɗalibi mai kaurin murya aka ɗora a kai. Ba wanda zai gane.

"To me za ki je gani?"

"Tafiyarsa, Yaya."

Salisu ya mayar da idonsa kan kwano.

Najwa kam ba a gaya mata ba. Tana da shekara huɗu lokacin da aka yi kadan, kuma ranar da ta ga kansa a jingine a bango ta yi kukan da sai da aka kai shi gidan maƙwabta. Kwanakin nan ta fara tambayar ko Baba yana da gemu, fuskarsa tana neman ta gauraye mata da ta kawunta. Ummusalama ta ga gara yarinyar ta je ta kalli fim kamar kowane yaro, ta yi dariyarta ta dawo.

Ranar Juma'a aka toshe tagogin ajin da barguna da buhunan wofi, aka rataya farin zanen gado a kan allo. Majigin yana jan wuta daga batirin sola da wani mai shago ya kawo. Yara suka cika gaba, mata a tsakiya cikin lafaya iri-iri suna fifita da kwalaye, a baya kuma leburorin gona da suka shigo gari hutun Juma'a suka jeru a tsaye. Ummusalama ta zauna a bakin bango, Najwa a gabanta. Da ta waiga, ta hango Salisu a can kusa da ƙofa, hannu a harɗe, fuska a ɗaure.

Labarin fim ɗin ba shi da wuya. Wasu yara biyu ne, Husain da ƙanwarsa Wafa, kakarsu tana da wata jabana, butar gahawa ta yumɓu, wadda duk ranar da ta tafasa sai a yi ruwan sama. Wani kada ya fito daga kogi ya sace ta, ƙasa ta bushe, yaran suka hau gadon kakar suka tashi sama neman ta.

Ba a yi minti biyar ba 'yan kallo suka shiga cikin fim ɗin da bakinsu. Wata tsohuwa 'yar Jazira, Hajiya Batul, ta ce wannan kakar ba ta iya suyar gahawa ba, ta ƙona ta, kuma in ita ce ruwan sama ba za ta sauka ba. Da gadon ya tashi, igiyoyi huɗu da aka ɗaga shi da su suka fito ƙuru-ƙuru, har da gefen fankar da ke kaɗa ɗankwalin Wafa. Ɗakin ya ɗauki shewa. Wani dattijo daga cikin leburorin, Malam Maliki, abokin aikin Salisu, ya riƙa yi wa yaran gargaɗi su riƙe da kyau, igiyar hagu ta kusa tsinkewa. Wani kuma ya ce dawar da aka nuna wai ta bushe, ai girbe ta aka yi, ga kututture nan.

Sai hoton ya koma kan kogin Khartum. Daga saman gada aka ɗauke shi, don a ce yaran ne ke kallo daga sama. Ga ruwa shimfiɗe, ga masu shayi a ƙarƙashin bishiyoyi, ga motocin haya suna wucewa, wani yana wanke raksharsa ba abin da ya dame shi. Surutun ya yanke. Wata mata ta ambaci sunan titin a hankali, kamar mai kiran yaron da ke barci. Kowa ya zuba wa zanen ido har hoton ya wuce.

Daga nan kada ya fito.

Yara suka yi kururuwa suna ɓuya a bayan juna, manya suka fashe da dariya, domin fentin ya ɓare a wuya har ana ganin rawayan soso, kuma a ƙarƙashin faratan kadan akwai silifa. Ummusalama ba ta ji ko ɗaya ba. Ƙafafun take kallo. Ƙafar dama tana ɗan buɗewa waje, ta hagu tana biye da ita ba gaggawa, kafaɗa tana sauka gefe guda saboda shekarun ɗaukar katako. Haka yake shigowa gida da yamma. Haka ya yi ta tafiya a gabanta a hanyar Madani da ƙullin kayansu a ka. Ta danne bakinta da gefen mayafi, ta gode Allah da duhun ɗakin.

Kadan yana magana da wata murya mai kama da tsawa, yana alwashin haɗiye yaran da gadonsu. Ya biyo su a guje a bakin kogi. Wutsiyar ta harɗe masa ƙafa, ya kifa da gwiwa a kan dutse. Daga can cikin soson, wata murya dabam ta fito, a shaƙe, da Hausa tsantsa:

"Wash, gwiwata. Ku dakata mana, 'yan nan."

Bayan ɗakin ya ɓarke. Malam Maliki ya dafa kafaɗar na kusa da shi yana tari don dariya. "Ashe kadan namu ne," ya ce. "Bahaushe ne, wallahi." Aka fassara wa waɗanda ba sa jin Hausa, dariyar ta sake tashi karo na biyu, ta fi ta farko.

A tsakiyar wannan ne Najwa ta miƙe. Inuwarta ta hau kan farin zanen, ta rufe rabin kadan.

"Umma," ta ce, ba da ƙarfi ba. "Baba ne."

Ta tsallake ƙafafun yara ta je gaban zanen, ta ɗora tafin hannunta a kansa, sannan ta ɗaga gefensa ta leƙa. Ba komai a baya sai allo da wani tsohon lissafi da ba a goge ba. Ummusalama ta je ta ɗauko ta, ta zaunar da ita a cinya kamar 'yar goye.

Magana ta bi sahu-sahu cikin raɗa. Matar nan ce mai tankaɗe riɗi, ƙanwar Salisu, mijinta ya rasu a hanyar Madani. Dariyar ta mutu daga gaba zuwa baya. Rawan ta kai hannu kan majigi tana duban Ummusalama, ita kuma ta girgiza mata kai. Fim ya ci gaba.

Jim kaɗan kadan ya sake faɗuwa, wannan karon da baya, ƙafafu a sama suna harbin iska. Ɗakin tsit. Wani ɗan ƙaramin yaro ya ƙyalƙyale, uwarsa ta toshe masa baki. Maza suka sunkuyar da kai. Ana jin ƙarar fankar majigi da kukan wata akuya a waje.

Wannan shirun ya fi dariyar yi wa Ummusalama ciwo. Faɗuwar farko kaɗai ce ta gaske. Rawan ta so a sake ɗauka, Nu'uman ya hana, ya ce a bar ta, yara za su so ta. Daga ranar kuma ya shiga ƙirƙiro wasu. Sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, gwiwa a ɗaure da tsumma, ya faɗi ta baya, ya faɗi ta gefe, ya ɗago yana tambayar ta wacce ta fi ban dariya. Ita kuma tana ce masa ya ji kunyar furfurarsa. Ga shi yau ana kallon aikinsa kamar ana bin gawa. Kuma ta san babbar tana tafe, wadda ya fi ji da ita, domin ga yaran nan sun riga sun shiga kogon kadan.

Ta sauke Najwa ta miƙe. Ba ta taɓa magana a gaban taron maza ba.

"Jama'a," ta ce, "faɗuwar da za ku gani yanzu, mako guda ya yi yana koyon ta a tsakar gidana. Kujera biyu ya karya mini. In ba ku yi dariya ba, na yi asarar kujeruna a banza."

Ta maimaita da Larabci, ta zauna. Ba wanda ya motsa.

A jikin zanen, kadan ya jawo wata 'yar kujerar tsuguno zai zauna ya dafa gahawa. Ya duba kujerar, ya duba wutsiyarsa. Ya ɗauke wutsiyar ya ajiye ta hagu, ta dawo. Ya ajiye ta dama, ta dawo. Ya rungume ta da hannu biyu, ya riƙa sauka a hankali, a hankali, kamar tsohon da ke fama da ciwon baya. Yana taɓa kujerar ta watse, ya mirgina sau biyu ya tsaya da kansa a cikin kwando.

Daga wajen ƙofa aka ji wani sauti, irin na wanda ya daɗe yana danne abu ya kasa. Salisu ne. Ya juya fuskarsa ga bango, kafaɗunsa suna girgiza. Malam Maliki ya karɓa, yara suka ɗauka, sai ɗakin gaba ɗaya ya kece. Hajiya Batul tana dariya tana istigfari. Najwa ta ɗago ta dubi uwarta, ta ga ita ma tana yi, hawaye na bin kumatunta, sai ta saki tata, har da buga ƙafa.

A ƙarshe dai aka gane abin da ya sa kadan ya yi satar. Kullum daga cikin ruwa yake jiyo ƙanshin gahawa da hirar mutane, ba wanda ya taɓa ce masa bismillah. Kakar ta kira shi gida, ya zauna a tsakar ɗaki wutsiyarsa na waje, ya riƙe ɗan finjali da farata biyu. Ruwan sama ya sauko, ana ganin bakin tiyon da ake watso shi da shi. Wannan karon ba wanda ya kula da tiyon. Aka yi tafi mai tsawo, Rawan tana tsaye a bayan majigi ta rufe fuska da hannu biyu.

Aka cire barguna, hasken yamma ya shigo, kowa ya ga fuskar kowa. Ummusalama tana gyara mayafi za ta fita sai ga Malam Maliki a gabanta, idonsa bai bushe daga dariyar ba. Ya cire hularsa ya mayar, ya rasa ta inda zai fara. Sai ya ɗaga tafukan hannunsa ya ce, "Fatiha." Ta ɗaga nata. Kafin su shafa, wani ya tsaya a bayansa, wata a bayan wancan, har layi ya kai bakin ƙofa.

Lokacin da ta iso Gadarif an zo mata gaisuwa, amma sunansa kawai masu zuwan suka ji, suka yi addu'a suka tashi. Waɗannan kuwa kowa da abin da zai faɗa a kansa. Wani ya ce shi ma kafinta ne, kuma ya lura da haɗin ƙafafun gadon nan, aikin gwani ne. Wata mata ta ce ɗanta bai yi dariya ba tun da suka baro Jazira sai yau. Hajiya Batul ta riƙe hannunta da hannu biyu ta ce duk fim ɗin shi kaɗai ya iya riƙon finjali. Salisu ya tsaya a gefenta yana amsa gaisuwar tare da ita, kamar yadda ake yi.

Rana ta kusa faɗuwa suka kama hanyar gida. Salisu yana gaba shi da Malam Maliki, suna gardamar ko silifan kadan kuskure ne ko da gangan aka bar su. Najwa tana tafe tana ta shurin wani ɗan dutse.

"Umma, ya yake shan ruwa a ciki?"

"Ni nake ba shi, in na bi shi wurin. Ta bakin kadan nake zura hannu da kofi."

"Ba ki ji tsoron ya cije ki ba?"

"Ya taɓa cizo na sau ɗaya."

"Da gangan?"

"Da gangan."

Najwa ta tsaya. Ta kamo hannun uwarta na dama, ta juya shi gaba da baya, ta ture hannun rigar sama tana dubawa. Da ba ta ga komai ba, ta zagaya ta kamo na hagu.